Na'urar Tsotse Danshi Mai Zubar da Ruwanta da Kanta: Tiyo, Famfon Ciki ko Famfon Waje?

Na'urar tsotse danshi, wadda masu shagunan kayan lantarki ke kira dihumidifaya, aikinta ɗaya ne: ta jawo iskar ɗaki, ta raba ta da ruwan da ke cikinta, ta maido ta a bushe. Ruwan nan kuwa dole ne ya je wani wuri, kuma a kan wannan batu ne yawancin masu saye suke tuntuɓe, domin sukan tsaya ga girman na'urar da sunan kamfanin da ya ƙera ta, su manta da tambayar inda ruwan zai bi. Na'urar da aka rubuta a kwalinta cewa tana cire lita 20 a rana, bokitin da ke cikinta yawanci lita 3 zuwa 6 yake ɗauka, kuma da zarar ya cika sai ta kashe kanta har sai an zo an zubar. Idan ya cika da ƙarfe biyu na dare, ko mai gida ya yi tafiya, ko kuwa sito ne da ba a buɗe shi sai ƙarshen mako, danshin da aka kora yakan dawo cikin 'yan sa'o'i, kuɗin wutar da aka kashe kuma ya tafi a banza. Saboda haka a ganina wanda zai sayi wannan na'ura ya fara da duba ɗakin da za ta zauna, ya gano ta inda ruwa zai fita, sannan ya nufi kasuwa, domin hanyar ruwan ce za ta nuna masa irin wadda ta dace da shi.

Kafin a kai ga nan ma, ya kamata mutum ya tabbatar yana bukatarta. Mazaunin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ko Damagaram yana shafe fiye da rabin shekara cikin busasshiyar iska, da hunturu ma danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 har leɓe da ƙafa su tsattsage, don haka bukatarsa ba ta wuce watanni biyu ko uku na tsakiyar damina, musamman lokacin marka a watan Agusta, kuma galibi a ɗaki ɗaya ne ko sito ɗaya da bangonsa ke shan ruwa. Lamarin ya sha bamban ga wanda ke zaune a Agege ta Legas, ko Fatakwal, ko Kalaba, ko Zangon Kumasi, ko unguwar New Bell ta Duwala, inda iska take jiƙe kusan duk shekara, takalmin fata ya yi fumfuna a cikin sif, takardu su yi laushi, kayan ƙarfe su yi tsatsa. A irin waɗannan garuruwa na'urar za ta yi aiki kusan kullum, kuma babu wanda zai jure zubar da bokiti sau uku a rana har tsawon shekara. Akwai kuma mazauna ƙasashe masu sanyi irin Ingila, waɗanda danshinsu na lokacin sanyi ne, ruwa yana taruwa a gilashin taga da kusurwar bango saboda ɗaki a rufe yake kuma bangon ya yi sanyi. Waɗannan rukunoni uku bai kamata su sayi abu iri ɗaya ba.

Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a riƙe danshin cikin gida ƙasa da kashi 60 cikin 100, mafi kyau ma tsakanin 30 da 50, domin sama da haka ne fumfuna ke samun wurin zama, tare da ƙananan ƙwarin ƙura da ido ba ya gani waɗanda ke rayuwa a katifa da matashi suna tayar wa masu asma ciwonsu. Ɗan ma'aunin danshi mai aiki da batir ba shi da tsada, kuma ajiye shi mako guda a ɗakin da ake zargi ya fi kowace shawarar mai shago amfani. Idan lambar da yake nunawa ba ta haura 60 sai jefi-jefi, a ajiye kuɗin. Idan kuwa tana zaune a 75 ko 80, sai a duba musabbabin kafin a sayi magani: kwanon rufi mai yoyo, ko bututun banɗaki da ya fashe a cikin bango, ko ginin da ba a shimfiɗa masa ledar hana laima a tushe ba har yana jan ruwa daga ƙasa. Lissafi kaɗan zai nuna dalilin wannan nasiha. Iska mai zafin digiri 30 a ma'aunin Selshiyas, idan ta cika maƙil, kusan giram 30 na ruwa take ɗauka a kowace mita mai faɗi da tsawo da zurfi. A ɗaki mai mita 4 da 4 da tsayin mita 3, saukar da danshi daga kashi 80 zuwa 50 bai kai cire rabin lita ba. Ke nan litocin da na'ura ke tarawa kullum ba daga iskar da ke tsaye a ɗakin suke fitowa ba. Daga bango ne da katifa da tufafi, da numfashin mutane, da shanyar da aka yi a ciki, da kuma sabuwar iskar da ke shigowa ta taga da ƙarƙashin ƙofa. Wanda ya kunna na'ura ya bar taga a buɗe, iskar unguwa yake ƙoƙarin busarwa, kuma ba zai gama ba.

Ta fuskar yadda suke cire ruwan, na'urorin iri uku ne, amma biyu ne suka cancanci a tsaya a kansu. Ta farko ita ce mai kwampreso, wadda injinta irin na firji ne: fanka tana jan iska ta bi ta kan wasu siraran bututu masu sanyi, ruwan da ke cikin iskar ya kwanta a jikinsu kamar yadda kwalbar zoɓo mai sanyi ke yin gumi idan an fito da ita daga firji, sannan ya ɗiga cikin faranti. Irin wannan ta fi ƙarfi a inda ake da zafi da danshi tare, wato yanayinmu ke nan daga Legas har Kano a damina, kuma ita ce mafi ƙarancin cin wutar lantarki idan aka auna da yawan ruwan da take cirewa. Mai lita 20 takan ci wat 300 zuwa 450. Rauninta yana bayyana ne idan zafin ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 15 ko makamancin haka, lokacin da ƙanƙara ke fara kama bututun, na'urar ta riƙa tsayawa tana narkar da ita maimakon aiki.

Ta biyu ba ta da kwampreso ko gas. A cikinta akwai faifai mai juyawa a hankali wanda aka lulluɓe da sinadari mai shan ruwa, dangin ƙwayoyin nan da ake samu a ƙulle cikin kwalin sabon takalmi, sai kuma hita da ke gasa faifan domin ya saki ruwan da ya sha. Ba ruwanta da sanyi, tana aiki ko da ɗaki ya kusa daskarewa, ba ta da nauyi, kuma ƙararta ta fanka ce kawai. Amma hitar nan tana cin wuta: sanannen samfurin kamfanin Meaco na Ingila mai lita 8 a rana yana cin kusan wat 650 idan an ƙure shi, kuma iskar da yake fitarwa tana da ɗumi sosai. Ga mazaunin Manchesta a watan Janairu wannan ɗumin riba ce. Ga mazaunin Fatakwal azaba ce, kuma ba na ba kowa shawarar ya saye ta a ƙasashenmu, in ban da wanda yake da ɗaki mai tsananin sanyi a wuri irin Jos ko tsaunin Mambila. Ta ukun ita ce 'yar ƙaramar nan mai arha da ake yawan tallatawa a intanet, wadda ba ta da kwampreso kuma ba ta da hita. Abin da take cirewa a yini bai cika kai lita ɗaya ba, ta cikin sif ce ko ƙaramin kabad, ba ta ɗaki ba.

A nan akwai abin da masu talla ba su cika faɗa ba, kuma ya shafi har mai kwampreson: na'urar tsotse danshi ba ta sanyaya ɗaki, ɗumama shi take yi. Duk wutar da ta ci a ɗakin take komawa zafi, sannan kowace lita ta ruwa da ta sauko daga iska tana sakin zafin da ya kai kusan kashi biyu bisa uku na yunit ɗaya na wuta. Jiki yakan ji sauƙi saboda gumi yana bushewa da wuri, amma ma'aunin zafi hawa zai yi. Saboda haka ta fi dacewa da sito, da ɗakin ajiyar littattafai ko yadudduka ko magunguna, da ɗakin kwana da rana lokacin da ba kowa a ciki.

Hanya mafi sauƙi ta fitar da ruwa ba tare da hannun mutum ba ita ce tiyo mai gangara. Kusan duk na'ura mai matsakaicin girma tana da wata kafa a baya ko a gefe, an toshe ta da roba ko murfi mai zare. Idan aka cire toshiyar aka ɗaura tiyo, ruwan da ya ɗiga a faranti sai ya bi tiyon maimakon ya faɗa bokiti. Babu inji a wannan hanya, babu ƙarin cin wuta, babu ƙara, babu abin da zai ƙone. Sharaɗinta ɗaya ne, amma ba ya karɓar sassauci: tiyon ya kasance yana gangarowa tun daga bakin na'ura har ƙarshensa, aƙalla santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ba tare da ya lanƙwashe ko ya yi ciki a tsakiya ko ya hau dokin ƙofa ba. Ruwan ba shi da ƙarfin turi ko kaɗan, ɗigo ne yake bin nauyinsa, don haka tudun da bai kai tsayin yatsa ba ya isa ya tsayar da shi. Haka nan idan bakin tiyon ya nutse cikin ruwa a inda yake zubarwa, iska takan maƙale a ciki ta hana gudu. Matsalar da aka fi samu ita ce kafar tana kusa da ƙasa, tazararta da daɓe ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, kuma maganinta shi ne a ɗora na'urar a kan benci mai ƙarfi ko dakalin bulo mai tsayin rabin mita, a tabbatar ta zauna daidai ba ta karkace ba, a kuma tokare tayoyinta domin girgizar kwampreso kada ta gangaro da ita. Da wannan ɗan tsayin ana iya kai ruwa magudanar banɗaki, ko a huda bango a fitar da shi waje kamar yadda ake yi wa bututun esi.

Kafar ma ba iri ɗaya ba ce. Na'urorin da aka ƙera don kasuwar Amurka galibi suna da baki mai zare wanda tiyon ban-ruwan lambu nasu mai inci uku bisa huɗu ke ɗaurawa, waɗanda aka yi don Turai da Asiya kuwa ɗan tsinin roba ne da ake cusa masa siririn tiyo mai faɗin milimita 10 zuwa 14 gwargwadon samfuri. Wasu kamfanoni suna saka gajeren tiyo a kwali, wasu ba sa sakawa, don haka a buɗe a duba a shago, a auna bakin, a sayi tiyon tun a ranar. Tiyo mai haske wanda ake ganin cikinsa ya fi, domin datti ba ya ɓuya a cikinsa. Wani abin lura kuma, yawancin na'urori ba sa tashi idan bokitin ba ya mazauninsa ko da an ɗaura tiyo, kuma wannan alheri ne, domin a mafi yawan samfura idan tiyon ya toshe ruwan bokiti yake komawa, ya cika, na'urar ta kashe kanta, ba a wayi gari cikin tafki ba. Ya dace a tambayi mai sayarwa ko a duba littafin na'urar a tabbatar haka take yi.

Hanya ta biyu ita ce na'ura mai famfon tura ruwa a cikinta. Ruwan yana taruwa a wani ɗan mazubi, idan ya kai wani matsayi famfon ya tashi na 'yan daƙiƙoƙi ya tura shi ta siririn tiyo, kuma yawancin irinsu suna iya ɗaga ruwa har kimanin mita 4 zuwa 5 a tsaye. Wannan ita ce mafita ga ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko shagon da ya yi ƙasa da titi, ko gidan haya inda mai gida bai yarda a huda bango ba kuma taga ce kaɗai mafita, ko kuma inda wurin zubarwa mafi kusa shi ne kwanon wanke hannu wanda ya fi na'urar tsayi. Sauƙinta a bayyane yake: na'ura ɗaya, fulogi ɗaya, tiyo ɗaya da zai iya bin bango ya haura. Sai dai abin da ya ba ta wannan iko shi ne kuma wurin da ta fi rauni. Famfon ƙarami ne, ruwan da yake turawa yana ɗauke da ƙurar da ta tsallake matata, kuma a hankali wani yauƙi yakan taru a mazubin ya maƙale maɓallin da ke tasowa tare da ruwa. Idan famfon ya mutu, samun madadinsa a kasuwanninmu abu ne mai wuya, domin kowane kamfani da irin nasa, kuma sau da yawa sai mutum ya koma zubar da bokiti da na'urar da ya biya ƙarin kuɗi domin kada ya zubar. Abin da ke rage wannan haɗari shi ne a zaɓi wadda take da kafar tiyo mai gangara ban da ta famfon, ta yadda idan ɗaya ta gaza ɗayar tana nan.

Hanya ta uku ba a cika ambatonta ba, kuma ita na fi so a duk inda ruwa zai hau sama: a sayi na'ura mai kafar gangara kawai, a haɗa ta da famfon waje irin wanda masu haɗa esi suke amfani da shi. Ɗan akwati ne mai mazubi da inji a kansa, ana ajiye shi a ƙasa kusa da na'urar, ruwa ya gangaro cikinsa ta gajeren tiyo, shi kuma ya tura sama idan ya cika. Irin na kamfanin Little Giant, alal misali, akwai mai ɗaga ruwa ƙafa 15 da mai ƙafa 20, wato kusan mita 4.5 da mita 6, kuma yana da bawul mai hana ruwan da ya hau komowa. Fifikonsa a kan famfon ciki shi ne ana buɗe shi a wanke cikin minti kaɗan, idan ya lalace a canza shi kaɗai, kuma duk mai gyaran firji da esi ya san kansa. Aibinsa shi ne yana bukatar nasa soket, ya ƙara tarkace a ƙasa, sannan kuma, wannan ne mafi muhimmanci, na'urar ba ta san halin da yake ciki ba: idan ya tsaya ita ba za ta tsaya ba, za ta ci gaba da zuba masa ruwa har ya malala. Wasu famfunan suna zuwa da wayoyi biyu na kariya waɗanda mai gyara zai iya haɗawa ta yadda wutar na'urar za ta yanke idan mazubin ya cika fiye da kima. Inda ba a yi wannan haɗin ba, a ajiye famfon cikin faffaɗar roba, kuma kada a jona shi a layin wutar da zai iya mutuwa alhali na na'urar yana raye, kamar a ce ita tana kan inbata shi kuma yana kan wutar gari.

Idan aka jera ukun, hukuncina a fili yake. Duk inda za a iya samun gangara, ko da sai an gina dakali ko an kira mai gyaran famfo ya huda bango, tiyo mai gangara ya fi, kuma kuɗin dakalin bai kai bambancin farashin na'ura mai famfo ba. Famfon waje na wanda ruwansa dole ya hau kuma na'urar za ta yi shekaru a wuri ɗaya ne. Famfon ciki na ɗan haya ne da mai yawan matsar da na'ura daga ɗaki zuwa ɗaki, wanda ya yarda ya riƙa wanke mazubi a kai a kai.

Sai dai duk wannan tsari yana rushewa idan na'urar ba ta iya tashi da kanta bayan an ɗauke wuta, kuma ga mai zama a Najeriya ko Nijar wannan siffa ta fi girman na'urar muhimmanci. Wasu samfura idan wuta ta dawo suna ci gaba daga inda suka tsaya da saitinsu na da, wasu kuwa suna zama a kashe sai an danna maɓalli, wasu ma suna tashi amma su manta cewa an kunna famfo, su koma tara ruwa a bokiti. Gwajin ba shi da wuya kuma a shago ake yin sa: a kunna, a saita danshi a kashi 50, a kunna famfo idan akwai, a zare fulogi daga soket, a jira kaɗan a mayar, a ga abin da za ta yi. Kada a tsorata idan fanka ta tashi amma kwampreso ya yi jinkirin kusan minti uku, wannan jinkirin da gangan aka sa shi domin kare injin, kuma na'urar da ba ta da shi ita ce abar gudu a garin da wuta ke zuwa tana komawa. Sitabilaiza ma ba ado ba ce a nan, domin kwampreso ba ya son wuta mai rauni. Mai inbata da sola kuma ya tuna cewa kwampreso yana fizgar wuta ninki biyu ko uku ko fiye a daƙiƙar tashinsa, don haka ƙaramar inbatar da ke ɗauke da fitilu da fanka ba lallai ta iya da shi ba.

Batun cin wuta yana da sauƙin lissafi. Na'ura mai wat 350 da ke aiki awa 10 a rana tana cin yunit 3.5, wato yunit 105 a wata, wanda a farashin naira 225 da aka sanya wa 'yan rukunin Band A a Najeriya, wato masu samun wuta mafi tsawon lokaci a rana, a watan Afrilun 2024 ya kusa naira 24,000; mai hita mai wat 650 a daidai wannan lokaci za ta kusa naira 44,000. Abin da ke rage wannan kuɗi shi ne ma'aunin danshin da ke jikin na'urar, wanda ke kashe kwampreso idan an kai matakin da aka saita. Mutane da yawa suna ɗauka cewa ɗaura tiyo yana nufin dole a sa na'urar a saitin aiki ba tsayawa, alhali abubuwa biyu ne daban. A ɗaura tiyo, a saita kashi 50 ko 55, a bar ta ta riƙa hutawa.

Lambar litocin da ke jikin kwali ma tana bukatar a karanta ta da hankali, domin ba a yanayi ɗaya ake gwada su ba. Kamfanonin Turai da Asiya sukan ba da adadin da na'ura ta cire a zafin digiri 30 da danshi kashi 80, wanda ya yi kusa da daminarmu, amma da zarar ɗakin ya fara bushewa adadin yakan sauka sosai, wani lokaci zuwa kusan rabi. Amurka kuwa da fant take aunawa, fant ɗaya bai kai rabin lita ba, kuma a shekarar 2019 ma'aikatar makamashinta ta sauya zafin gwaji daga kusan digiri 27 zuwa kusan 18, a danshi kashi 60, abin da ya sa na'urar da a da ake kira mai fant 70 ta koma mai fant 50 ba tare da an canza mata komai ba. Ke nan mai fant 50 ta sabon gwaji, kusan lita 24 a sanyi, ta fi mai lita 24 ta gwajin Turai ƙarfi nesa ba kusa ba. Ga ɗakin kwana ko ƙaramin sito mai lita 10 zuwa 12 takan isa, falo babba ko shago mai yawan buɗe ƙofa kuwa sai mai lita 20 zuwa sama, kuma idan ana shakka gara a ɗauki babbar, domin za ta gama da wuri ta huta.

Kayan gwanjo da ake shigowa da su daga Amurka suna da matsaloli biyu da ya wajaba a sani. Wutar Amurka bolt 120 ce mai kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, tamu kuwa a Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru bolt 220 zuwa 230 ce mai kaɗawa sau 50. Taransifoma tana gyara ƙarfin bolt amma ba ta gyara kaɗawar, kuma injin da aka ƙera don 60 yakan rage gudu ya kuma fi saurin zafi a kan 50. Matsala ta biyun ta fi tsanani. A shekarar 2013 an janye na'urori fiye da miliyan 2 da kamfanin Gree ya ƙera saboda suna kamawa da wuta, an kuma sayar da su ne da sunaye daban-daban, ciki har da Frigidaire da Kenmore da Danby. A 2016 aka janye miliyan 3.4 na kamfanin Midea a kan dalili iri ɗaya, a 2023 kuma aka ƙara janye na Gree kimanin miliyan 1.5 waɗanda aka ƙera tsakanin 2011 da 2014. Wannan ba ya nufin sababbin kayan waɗannan kamfanoni suna da laifi, amma tsohuwar na'ura daga waɗancan shekaru, da za a bari tana aiki dare da rana a ɗakin da ba kowa, ba abin da za a saya ba ne sai an duba lambar samfurinta a shafin hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka. Sababbin na'urori da yawa kuma suna amfani da gas mai suna R290, wanda yake kamawa da wuta idan ya yi yoyo kusa da tartsatsi, don haka gyaransu na wanda ya san shi ne, ba na kowane mai walda ba.

Wanda yake da esi a ɗakin ya tsaya ya yi tunani kafin ya ƙara wata na'ura, domin esi ma tana cire danshi, bututunta na zubar da ruwa yana nan a haɗe, kuma zafinta waje take jefawa. A ɗakin kwana da ake ciki da dare, saitinta na busarwa mai alamar ɗigon ruwa yakan wadatar. Inda take gazawa shi ne ranakun marka, lokacin da gari ya yi sanyi amma iska tana jiƙe: esi zafi take aunawa, da ta ga ɗaki ya yi sanyi sai kwampresonta ya tsaya, danshi kuma ya ci gaba da zamansa. Sannan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi takan ci wat 1,000 ko fiye, wanda ba shi da ma'ana a ƙona shi domin buhunan kaya a sito.

Ƙarshen tiyon ma yana da nasa ƙa'idoji. Ruwan da na'ura ta tara ba na sha ba ne kuma ba na girki ba, ko da ya yi garau a ido, domin ya bi ta kan ƙarfe da ƙura da ƙwayoyin cuta. Ya isa goge daɓe ko ban-ruwan furanni. Kada a bar shi yana ɗiga a gindin bango, domin zai koma cikin ginin da ake son busarwa, kada kuma ya taru a buɗaɗɗen mazubi a tsakar gida, sauro zai hayayyafa a ciki. Idan a bututun banɗaki za a zuba, a bar tazara tsakanin bakin tiyon da magudanar maimakon a cusa shi can ciki, in ba haka ba warin sokawe zai biyo tiyon, fankar na'urar kuma ta watsa shi a ɗaki. Bakin da ya fita waje a ɗaure masa ɗan ƙyallen raga saboda kyankyasai da zanzaro.

Matatar ƙura tana son wanki duk bayan mako biyu, tiyo da mazubin famfo kuma a ɗauraye su da ruwan ɗumi da ɗan binega sau ɗaya a wata ko duk lokacin da aka ga yauƙi ya fara kama su, sannan a bar wa na'urar tazarar taƙi ɗaya ko biyu daga bango domin iska ta zagaya. Sabuwar da aka kwantar a mota a hanyar kawowa a tsayar da ita wasu sa'o'i kafin a kunna, domin man kwampreso ya koma mazauninsa. Mazauna Arewa kuwa, da damina ta ɗauke a watan Oktoba, su cire tiyon su tsiyaye shi, su bushe bokiti da mazubi, su mayar da toshiyar kafar, su lulluɓe na'urar da kyau saboda ƙurar hunturu tana toshe siraran bututun cikinta, kuma mai famfo ya zuba masa ruwa ya gwada shi a watan Yuni kafin ya sake barin na'urar ita kaɗai a ɗaki.